Bayin Dada Ya Kalli Gabas

Talata Mafara.

Zuwa ga Yaya Abdulbasit,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar kakarmu Dada da ke tashi. Inna ce ta ce in rubuto, don duk wanda ya ɗauki wayarka sai nauyi ya kama shi ya ce komai lafiya lau. Ni ma haka na ce maka ran Juma'a, ka yi haƙuri.

An gama bayin da ka sa a gina wa Dada. Malam Bature magini ya bi hoton da ka turo, bai kauce ba. Baƙin tayil ɗin nan guda ɗaya, wanda ya fi ƙofa tsawo, ya cinye bango, ƙasa kuma ƙananan farare ne kamar kwalin ashana. Wurin wanke hannu ɗan mitsitsi, ƙwarya ta fi shi, ga madubi a samansa kamar taga. In aka ajiye butar Dada gindin baƙin bangon, sai ta koma kamar ta wasan yara. Irin bayin nan nake karantawa a littafi, inda amarya kan shiga ta tsaya ta rasa abin da za ta fara taɓawa. Nakan leƙa kawai in ja ƙofa.

Sai dai hoton bai nuna gabas ba. Don tayil ɗin ya fito a bayan masai na zama yadda yake a hoto, Malam Bature ya jingina masan da bangon yamma, mai zama kuwa ya fuskanci alƙibla sak. Sau ɗaya Dada ta shiga, ta ga hantsi a fuskarta, ta fito da butarta cike. Yau kwana tara tana ɗingisawa zuwa shaddar maƙwabta, tana tsuguno da wannan gwiwar. Jiya sai da ni da ƙanwarmu Taiba muka ɗago ta.

Malam Bature ya ce juya masan kudu ba wuya, amma bututu ya bi ta bayan tayil ɗin, dole a farfasa tayil ɗin, kuma ba zai taɓa ba sai da yawunka. Da aka gaya wa Dada daga nesa aka kawo tayil ɗin, cewa ta yi ai shi ba ya sallah, ita ke yi. Ta ce in ba a juya ba, ran Talata za ta bi motar kasuwa ta koma ƙauyenta Gidan Goga, shaddarta ta can ta san kudu da arewa. Ka san 'yan bindigar da suka sa aka ɗauko ta ba su bar hanyar ba. Ta riga ta ɗaure ƙunshinta.

Ni ma ina son bangon nan, Yaya. Amma ka kira Malam Bature kafin Talata, ka ce ya sa guduma.

Inna da Taiba suna gaishe ku. A gaida Anti Mardiya da 'yata Ummulkhairi. Dada kam ba ta san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Fiddausi.