Tiyon Baffa Arɗo Ya Sake Tsagewa

Gidan Rumji, daren Laraba

Tiyon da na yi wa Baffa Arɗo daga tsohuwar roba ya sake tsagewa, ruwa bai kai kwamin shanu ba. A lakol, wato makaranta, an koya mana duk narkawar roba zarenta na ciki gajarcewa yake, sinadari ke sake ƙulla shi cikin inji. Na zuba kaɗan, tiyon ya fashe. Na ƙara, robar ta daskare ta toshe injin.

Na fara yi wa Baffa bayani, ya tare ni: "Ɗana, ban san zare ba. Su dai su sha."

In jibi ba ruwa, kudu zai kora su. Sinadarin saura cokali guda. Ya Allah, har yanzu ban san awon ba.