Kwamfutar Malam Za Ta Tafi Kano

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum, maigidana. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda, na kuma san ba za ka karanta ta ba. To amma bakina ya saba da kai. Labari in ya taru mini, wa zan juye wa in ba kai ba? Ka yi haƙuri da surutuna yadda ka saba.

Gida lafiya lau. Na fita takaba, an yi rabon gado lami lafiya, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Geron gonarmu ta garin Babban Mutum ya iso, bai kai na bara ba amma mun gode Allah. Akuyar nan taka mai cin sabulu ta haifi biyu. Autarmu Ummi ta shiga aji uku, har yanzu in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Shagon hotonka na hanyar Kusugu a rufe yake, amma mutane ba su daina zuwa ba, har gida suke biyo ni. Wannan yana neman hoton sunan ɗansa, waccan na bikin ƙanwarta. Ran nan wata tsohuwa ta zo neman hoton mijinta, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Na buɗe kwamfutarka na lalubo mata, muka zauna muka sha kukanmu tare.

Ga babban labarin. Abba ya samu gurbin karatu a Kano! Ɗanka na fari zai shiga jami'a, Malam, kai kuma ba ka nan balle ka cika unguwa da fariya. Kwamfutar nan taka ta tafi-da-gidanka a rabonsa ta faɗo, kuma karatun nasa ba ya yiwuwa sai da ita. Sai dai ta cika maƙil, ta yi nauyi, kafin ta buɗe sai ka dama kunu ka sha. Dole a wanke ta tas, a zuba mata sabon tsari. Da yaron ya ga fuskata ta canja, sai ya ce a bar ta kawai, zai riƙa aron ta abokai. Halinka sak, ya cuci kansa don kada ran wani ya ɓaci. Na ce ban yarda ba. Amma wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Shi Abba cewa ya yi a kwashe hotunan a zuba a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, shi ke nan. Na kusa yarda. Sai na zauna na ƙura wa fuskar kwamfutar ido. Kai Malam, ka iya hargitsa wuri! Komai a warwatse kamar an kifar da tiren mai talla. Ga sunayen da kake ba ayyukanka: Bikin gidan mai kilishi, Sunan da aka sha ruwan sama, Alhajin da ya ƙi murmushi. Ga karatun da kake kunnawa in kana aiki. Ga hoton wata amarya da ka fara gyarawa ba ka ƙarasa ba. In an kwashe hotuna kaɗai, ina za a kai wannan hargitsin? Ni kuwa shi nake so. In na buɗe ta ji nake kamar yanzu ka tashi ka tafi alwala.

Ƙanwarka Saude ce ta fitar da ni. Ka san tana koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata a Mashi. Ta zo ranar Asabar, na yi mata bayani ina kame-kame don ban san sunan abin da nake so ba. Ta ce akwai shi. Akwai manhajar da ke kwafe faifan da ke cikin kwamfuta ɗungurungum, da tsarinsa da tarkacensa, ta dunƙule shi wuri guda a wani faifan na waje. Ko bayan shekaru aka juye shi a kwamfuta, za ta farka yadda mai ita ya bar ta. Sai dai manhajojin suna da yawa, kuma ta rantse ba za ta zaɓar mini ba, tunda ni zan zauna da abin.

Da ka ganni ranar da ka yi dariya har da riƙe ciki. Ni da ko linzamin kwamfuta ba ka yarda in taɓa ba sai kana tsaye a kaina, ga ni a kan tabarma ina tantance manhaja kamar mai zaɓen atamfa. Ta farko kyauta ce, Saude ta ce ƙarfi gare ta kamar jaki. Amma baƙin allo ne da fararen rubutun Turanci, kuma in wani ya zo neman hoto ɗaya, sai an juye kayan gaba ɗaya kafin a ciro masa. Na ce a'a, tsofaffin da ke sallama a ƙofata ba za su iya wannan jira ba. Ta biyu kyakkyawa ce, komai da maɓallinsa, amma kuɗi ake biya duk shekara, kuma can intanet take kai ajiyar. Nan na tuna yadda kake juya fuskar kwamfutar bango in baƙo ya shigo shago kana gyaran hoton matar wani. Amanar matan Daura ce a ciki. Zan ɗauke ta in kai rumbun da ban san mai shi ba? Ta uku ba ta da wani ado, amma tana ajiyewa a faifan da zan riƙe a hannuna, ana iya leƙa ciki a ɗauki hoto ɗaya a rufe, kuma in ta gama tana bin aikinta ta duba ko wani abu ya lalace. Ita na ɗauka.

Aikin ya ci yini guda. Ana tsaka da shi aka ɗauke wuta, batirin nan naka kuwa ka san ba ya riƙe ko gaisuwa, sai da muka aro janareton maƙwabta muka sake daga farko. Muka yi kwafi biyu, ɗaya yana cikin akwatina ƙarƙashin zannuwa, ɗaya zai zauna wurin Saude a Mashi. Ni har na miƙe zan ɗora girki, ta ce ba a gama ba, gani ya kori ji. Ta ciro wani faifan da ba komai a kansa ta sa a kwamfutar, ta juye kwafin, ta kunna. Sai ga allonka ya fito, komai a inda ka yar da shi. Na ce Allahu Akbar.

Saude ta fita ɗora tukunya, ta bar ni ina ta latse-latse. A can ƙuryar allon na ga ɗan kwandon shara, inda abin da aka goge yake taruwa kafin a zubar. Naka a cike yake. Na buɗe.

Malam, ashe haka kake?

Ni ce a ciki. Ni kaɗai, tun daga sama har ƙasa. Ga ni ina daka, ɗankwali ya zame. Ga ni ina hamma. Ga ni da cikin Ummi, ƙafafu a kumbure, ina cin mangwaro har gwiwar hannu. Ga ni ina yi maka masifa da ludayi a hannu. Duk hotunan da kake ɗaukata ba shiri, in ce sai ka goge, in tsaya a kanka har ka danna a gabana, ka ce to Hajiya, an goge. Ashe kwandon kake jefa su, ka san sarai ban san ana zubar da shi ba. Shekara da shekaru ba ka zubar ba ko sau ɗaya. Da filash ɗin Abba muka bi, da an wanke su ban taɓa sanin suna nan ba.

Bari in faɗa maka abin da kunya ta hana ni faɗa kana raye. Fushin nan duk na ƙarya ne. In na ji ƙarar kyamararka a bayana, daɗi nake ji har cikin raina. Wace mace ce ba ta so mijinta ya dube ta tana cikin hayaƙin murhu, ya ga abin ɗauka? Ina sonka, Malam. Ban iya faɗa ba, kai ma ba ka iya ba, sai ka bi ta bayan gida.

Jiya aka wanke kwamfutar, da hannuna na danna. Abba zai tafi da ita ranar Lahadi, tana gudu kamar sabuwa. Hotunan kuwa suna nan cikin kwafin da muka yi, ban fitar da su daga kwandon ba, ban kuma nuna wa kowa ba. A nan ka ɓoye su, a nan za su zauna. Wannan karon ban ce ka goge ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka har da wannan ƙaryar, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Sai na zo.

Taka har kullum,
Binta, uwar 'ya'yanka