Cokula Goma Sha Huɗu da Ba Su Faɗa Miya Ba

Uwargida Bluma, ki taimake ni, na haƙa rami kuma ni ne a ciki.

Shekaruna tamanin da huɗu. Arba'in daga ciki na yi su ina duba gidajen burodi da masana'antun Melbourne kafin a buga musu hatimin kosha, wato halal ɗinmu na Yahudawa. Tun da Hinda matata ta rasu bara, ba mai magana a gidan nan sai firiji. Ƙafa ta ƙi, ko majami'a ba na iya zuwa.

Wata Talata na kira layin tambayoyi na hukumar kosha kan wani cuku. Wata mata mai suna Gittel ta ɗauka. Ta ba ni amsa, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. Rabon da a yi mini wannan tambayar har na manta. Washegari na sake kira, amma ba ni da abin faɗa. Sai na ce cokalin madara ya faɗa miyar kaza, ga shi addininmu ya hana haɗa nama da madara. Bai faɗa ba. Ta tambaya ko miyar da zafi, ko ta ninka cokalin sau sittin yadda doka ta ce, ta tafi ta tambayo rabbi, malaminmu, wanda a hannuna ya koyi leƙa tukunya. Ni kuwa ina ta "to, to" kamar ɗan koyo.

Haka na yi ta kira da cokalin ƙarya, ashe tana ƙirgawa. Cokula goma sha huɗu a wata guda! Ta kira Devora 'yata a Sydney. Devora ta zo ta manna tambari ja a kayan nama, shuɗi a na madara, har gidan tabarau bai tsira ba. Ranar Alhamis likita zai gwada ƙwaƙwalwata, kuma ta riga ta duba mini ɗaki a gidan tsofaffi.

In na yi shiru, na rabu da kicin ɗin Hinda. In na faɗi gaskiya, mutumin da ya rayu da amana ya zama maƙaryaci, Gittel kuma ta daina ɗauka. Ina zan sa kaina?

Tsoho Mai Leƙa Tukwane, Caulfield

*

Baba,

Shekara arba'in kana hana haramtaccen kitse ɓoyewa a burodi, ga shi kai an kama ka cikin wata ɗaya. Ka yarda, Gittel ta fi ka iya aikin.

Laifinka ƙarami ne, amma laifi ne. Ka ɓata lokacin rabbi, ka tayar wa 'yarka hankali. Su kuma ba su yi kuskure ba. Wanda ya ji mai sa hatimi ya kasa raba nama da madara, dole gabansa ya faɗi.

Ka kira Devora yau, kar ka jira Alhamis. Ka ce mata ƙwaƙwalwa lafiya, gidan ne ya yi shiru. Za ta yi faɗa, za ta yi kuka, ka haƙura da duka biyun. Ka je wurin likitan ma, ya duba ƙafar nan. Kar ka rufe zancen ƙarin taimako a gida, don kaɗaici ma ciwo ne.

Sannan ka kira Gittel ka nemi afuwa, ka tambaye ta ko suna son tsohon hannu ya riƙa taya su amsa waya daga kujerarsa. Ina kyautata zaton ba kai kaɗai ne ke jefa cokali a miya don a ce masa sannu ba. Ka fi kowa iya gane su. In sun kira, ka tambaye su ko sun ci abinci.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ka a kicin ɗin Hinda. Shuɗin da ke kan gidan tabarau kuwa, ka cire shi.

Bluma