Fuskar Baba a Kwamfutar Alhaji Bawa

Litinin, 3 ga Agusta, 1998
Ƙanwata Wasila ta aiko daga Tsafe. Wai yaron da ta haifa, mai sunan Baba, da me za ta nuna masa kakansa? Baba har ya rasu bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Na ce zan gina fuskarsa a kwamfutar situdiyon Alhaji Bawa, wadda nake haɗa tallan talabijin da ita. Bakina ne ya ja min.

Alhamis, 6 ga Agusta
Na fara da foligon, wato harhaɗa ƙananan kusurwoyi kamar facin riga. Akwai sauri, duk inda ka ja sai ya biyo ka. Amma kumatun sun fito kamar turmin da ba a gama sassaƙawa ba. Sai aka ɗauke wuta ban adana ba. Na gaji wallahi.

Laraba, 12 ga Agusta
Na koma ɗaya hanyar, NURBS: ka zana layuka masu lanƙwasa, kwamfuta ta shimfiɗa fata a kansu. Sumul. Goshin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai kunne ya ƙi haɗuwa da kai, kullum da ɓaraka a tsakani. Tsagen Zamfarawa na kumatun Baba kuma ya ƙi zama. In na tsaga, fatar ta shafe shi, in na matsa duk kuncin ya lotsa. A foligon tsagen yana zama daram, fuskar ce ba ta mutum ba.

Alhaji ya leƙo: "Wanga dattijo mi zai saida muna?" Ban yi dariya ba.

Lahadi, 16 ga Agusta
Ciwon kai. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 22 ga Agusta
Na buga duka biyun a takarda na kai wa Innarmu a Bungudu. Da ta ga mai santsin ta ce, "Wanga ɗan birni na, ban san shi ba." Mai kusurwoyin ta daɗe tana kallo, tana bin tsagen da yatsa. Sannan ta kife takardar kan tabarma.

Ta ce, "Shi da bai so hoto ba yana da rai?"

Ta tashi ta zubo min tuwo.

Juma'a, 28 ga Agusta
Taurin kai, na ci gaba. Na ɗauki ta foligon, na sa furogiram ya rarraba kusurwoyin ya sassauta su. Tsage ya zauna, fata ta yi laushi. Wannan ta fi duka. Wuni nake ina kallonta, aikin Alhaji na jira.

Talata, 1 ga Satumba
Bayan la'asar ina yi wa Baba addu'a, na rufe ido in gan shi yadda na saba, zaune a gindin rumbu. Fuskar cikin kwamfutar ce ta zo, launin toka, ko ƙifta ido ba ta yi. Na buɗe, na sake rufewa. Ita ce dai.

Wasila ta aiko tana tambaya. Na ce a gaya mata aikin bai yiwu ba.

Ban goge ta ba tukuna. Ina tsoron in na goge, in rufe ido ba abin da zai zo.