Zuwa ga Kawu, Fadan da Ya Iya Dabo

Kawu Fada Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da ladabi da girmamawa. Ni ce Talatu, 'yar ƙanwarka. Wannan ce Kirsimeti ta farko da za mu yi a nan Greensboro ta Amurka ba ka nan. Yaran cocinmu da wasa kawai suka san ka, shi ya sa nake rubuta wannan a fili, don su san sauran.

Su abin da suka riƙe shi ne bayan sujadar Mas, ka nannaɗe hannun riga, ka ciro dabino daga kunnen wannan, ka ɓatar da cokalin wancan, suna ihu da Turanci a sake. Kullum da magana ɗaya kake rufewa: "Hannu ne kawai, ba aljani. Duk wanda ya ce muku ya wuce haka, ku duba ɗayan hannunsa."

Mama ce ta faɗa mini mafarin abin. A Kafanchan, bayan rasuwar yayanku, Kaka ta riƙa zuwa wurin wani mutum da ke sa matattu magana daga cikin tulu. Ta daina cin abinci saboda muryar ta ce yana shan wahala. Sai bayan ta rasu aka gano tiyo binne daga tulun zuwa bayan ɗaki. Mama ta ce tun daga nan ba ka ƙara ganin mai rufa-ido ka wuce ba, sai ka koyi yadda yake yi.

Ka tuna Anti Rifkatu? Ɗanta Dauda ya rasu a hatsarin mota a titin Wendover Avenue, yana dawowa daga aiki. Wata ƙawarta ta kai ta wurin wata mata a titin Gate City Boulevard, mai ɗaki a bayan shago, wai tana kiran matattu. Tebur ya riƙa ƙwanƙwasa kansa, matar tana fassarawa. Ta ce Dauda na fushi, wai faɗan da suka yi da matarsa Saratu da safen nan ne ya ɗauke masa hankali a hanya. Anti ta rufe wa Saratu ƙofa, har da jaririn da take goye da shi.

Ba ka yi wa'azi a kai ba. Cewa ka yi ta kai ka wurin matar, ni kuma na tuƙa ku. Ka sa riga irin ta kowa, ka zauna shiru, kai a sunkuye. Matar ta dube ka, ta lumshe ido, ta ce ga wata mace tsaye a bayanka, marigayiya matarka ce, tana godiya don ka riƙe ta da kyau. Tebur ya buga. Ka ce mata ka gode, kai da ba ka taɓa aure ba. Sannan ka ciro farar kwalarka ta fada daga aljihu, ka maƙala a wuya, ka ɗora hannuwanka biyu a fili, teburin ya sake bugawa, wannan karon da gwiwarka. Ba ka ɗaga murya ba. Abin da ka ce mata kawai shi ne: "Baiwar Allah, kina da basira. Ki nemi abin yi da ita wanda ba zai raba uwa da jikanta ba."

Ni a zatona Anti za ta gode maka. A mota kuka ta yi har numfashinta na sarƙewa, ta ce, "Fada, yau ka sake kashe mini ɗa." Ka ce, "Na sani, Anti. Ki yafe mini zafin."

Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarka. Kai kuma duk Asabar kana bakin ƙofarta. Ranar da ta buɗe, ba ka kawo aya ba, ka ce ta ba ka labarin Dauda tun yana rarrafe. Haka kuka yi ta yi, har wata Asabar ka zo da Saratu, ka bar su a kicin, ka fita ka zauna a mota.

Na taɓa tambayarka ko wannan aikin bai rage maka bangaskiya ba. Ka yi dariya ka ce, "Don na yarda da tashin matattu ne ba na son a yi musu ƙarya."

Kawu, sai yanzu na gane nauyin abin da ka nema daga Anti. Hanyar aikina ta Gate City take bi, kuma irin waɗannan ɗakunan ba su ƙare ba. Akwai ranar da kewarka ta kama ni har na rage gudu a gaban ɗaya daga cikinsu. Na san dabarar tun daga tushe, amma na so ko na minti ɗaya wani ya ce mini kana nan, kana lafiya. Ban tsaya ba. Na wuce gidan Anti. Na tarar da ita tana yi wa jikanta wanka, Saratu na tuƙa tuwo. Da ta ga fuskata sai ta goge hannu, ta jawo mini kujera, ta ce, "Zauna ki ba ni labarinsa."

Na zauna, Kawu. Na yi ta magana har tuwo ya huce.

Allah mai jinƙai ya ba ka hutawa ta har abada, haskensa ya haskaka maka. Ya ta'azantar da duk mai makoki, ya tsare shi daga masu cin riba da hawayensa. Mu kuma ya ba mu haƙurin jira har ranar da za mu ji muryarka ta gaskiya. Amin.

Taka har kullum,
Talatu