Zanen Albasa da Idon Inna

Buza, ran Talata

Zuwa ga ƙanena Attahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Dakar, kai da Samira, Allah ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan mun gode Allah, an yanke gero, maigidana Muntari ya gama gyaran rumbu.

Zanen da ka aiko wa Inna ya iso ran Juma'a ta hannun direban Madawa, bai ko ƙwarzane ba. Da na fara dubansa kusa-kusa sai na ga kamar ka goge hannunka ne da fenti. Muntari ya ce in ja baya zuwa bakin ƙofa. Daga can sai ga faifan Inna da albasa huɗu a kai, ga kwanon shanta mai ɓalgataccen baki, ga wuƙarta ta yi kwance a gicce. Hasken ya shigo ta hagu, ya sauka a leɓen kwanon, ya sa ɓawon albasar sheƙi kamar yanzu aka tono ta. Inuwar ma ba baƙa ka yi ba, shuɗi-shuɗi ce, irin ta hantsi. Na daɗe tsaye a wurin.

Attahiru, Inna ba ta gan shi ba. Tun damina idonta ke tafiya, ita ta hana mu gaya maka, wai kada hankalinka ya rabu biyu kana karatu. Mun kai ta asibitin Tawa, likita ya ce ba yanar ido ba ce, jijiyar ce ta mutu, aiki ba zai dawo da ita ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa na karya mata alkawari.

Ta sa na ɗora mata zanen a cinya, ta bi tudun fentin da yatsa, ni kuma ina faɗa mata abin da ke ƙarƙashinsa. Ta tambaye ni ta ina haske ya shigo. Da na ce ta hagu, sai ta ce tagar tsohon ɗakinta ce, wadda aka toshe yau shekara tara, ashe yaron nan bai manta ba. Da ka kira da yamma ta ce maka ya yi kyau ƙwarai, ina gefenta na toshe bakina da mayafi.

Har yanzu in mutum ya tsaya a bakin ƙofa da hantsi tana ganin duhunsa. Likita bai ce wannan ɗan ganin zai kai baɗi ba. Ka zo ka tsaya mata a wurin.

Kawu Kalla da Rabi suna gaishe ku. Ka gaida Samira.

Yayarka,
Zulaiha