Bas Mai Lamba Sha Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Wata guda ke nan da suka ɗauke Kwandasta. Jikata, shekararta bakwai, ni nake riƙon ta tun rasuwar uwarta. Faɗuwa na yi a bakin titi, na kwana uku a asibiti, maƙwabta suka same ta ita kaɗai a ɗaki. Shi ke nan, sai gidan kula da yara.

Yau jami'ar walwala ta karanta min sharaɗi. Ziyara duk Alhamis ƙarfe biyu. In na makara fiye da minti goma sha biyar, ban zo ba ke nan. Rashin zuwa uku, ta kai wa alƙali rahoto, a nema wa yarinyar wani gida. Da jan biro take rubutu, har cikin raina nake jin sa. Wai, "Baba, gidan yana bayan sabuwar gadar sama, in zana maka hanya?" Ni? Shekara ashirin da shida ina tuƙa bas a garin nan! Na ce ta riƙe takardarta.

Alhamis, 6 ga Maris

Na makara minti hamsin. Mai gadi ko ƙofa bai buɗe ba.

Babban tankin ruwan da nake kwatance da shi an rushe. Inda na san fili, benaye ne iri ɗaya har kusan goma. Kuma motocin yanzu babu mai leƙowa yana kiran unguwa, sai wata lamba a goshi, ta taho fuu ta wuce. Wane irin gari ne wannan da mota ba ta da baki?

Rashin zuwa ɗaya ke nan.

Asabar, 8 ga Maris

Bari in rubuta tunda ba mai karantawa. Na kusa ina gani. Na nesa kuwa hayaƙi ne, shekara biyu ke nan. Shi ya sa na ajiye tuƙi, ba ciwon baya ba. Shi ya kayar da ni ran nan. Jikata ke karanta min allo da lambar mota in mun fita, daga nan ta samo sunan Kwandasta. In Mai Jan Biro ta ji wannan, na rasa yarinyar.

Alhamis, 13 ga Maris

Na isa saura minti huɗu! Wata mata na ji tana cewa a waya bayan gada za ta, na bi ta tiryan-tiryan kamar ɓarawo.

Kwandasta ta rame. An yi mata wani kitso da ba ta so. Mai Jan Biro na zaune a gefe tana rubutu. Da za mu rabu yarinyar ta rungume ni, ta raɗa min a kunne, "Kaka, sun tambaye ni sau biyu me ya sa ka faɗi. Ban faɗa musu ba."

Na ce madalla. Madalla fa na ce!

Alhamis, 20 ga Maris

Bas mai lamba sha ɗaya na hau, na ɗauka sha bakwai ce, mai zuwa bayan gada. Sai da na ji warin masana'antar fenti na gane. Na sauka, ga aikin titi, an toshe ko'ina da ganguna. Na yi gudu, ni da gwiwar nan. Biyu da minti ashirin da biyu.

Mai gadi ya ce tun ƙarfe ɗaya yarinyar take tsaye a taga.

Rashin zuwa biyu ke nan. Mutane sun kai ashirin a tashar, da na buɗe baki na tambaya. Amma akwai direbobin da na koya wa aiki suna wucewa ta wurin.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban iya cin komai ba. "Ban faɗa musu ba." Yarinya 'yar shekara bakwai.

Talata, 25 ga Maris

Na je ofis ba a kira ni ba. Na zauna, na tashi, na sake zama. Mai Jan Biro ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce ta daina tambayar yarinyar, ni za ta tambaya. Na faɗa mata duka.

Ta ce dole ta rubuta, kuma ba za ta yi min alkawarin abin da alƙali zai ce ba. Ta rubuta, ina kallo. Sai ta ba ni takardar asibitin ido. Ta yagi wata, ta zana 17 ƙato, ya cika shafin. Da jan biron.

Alhamis, 27 ga Maris

Ba tambaya na yi ba. Takarda kawai na ɗaga a tasha. Wani direba ya taka birki ya ce, "Maigida, kai ne? Hau mana!" Wanda na koya wa ribas. Har yanzu birkinsa ba daɗi, na gaya masa.

Ɗaya da rabi na isa. Da aka fito da ita na ce, "Kwandasta, na faɗa musu da kaina. Ba ruwanki kuma." Ta dubi jami'ar, ta dube ni. Sai ta kwantar da kai a cinyata, barci ya kwashe ta, awa guda cur, duk lokacin ziyarar.

Ƙafata ta mutu. Ban motsa ba.